Abin da ke Bayan Kyamara: Littattafan Bincike, Duniyar Fim da Ɗalibanmu

Jawabin da aka gabatar a taron reshe da aka yi a Tafashiya



Zan fara da wani laifi da na aikata. Shekarun baya, ina tsaka da darasi, sai na lura da wata yarinya a layin ƙarshe ta sunkuyar da kai, ko motsi ba ta yi. Na lallaɓa na tsaya a kanta, na iske ta ɓoye wani ɗan littafi a cikin littafin darasi. Na ƙwace, na yi mata faɗa a gaban 'yan'uwanta, na jefa shi a aljihu. Da dare na ce bari in duba irin shirmen da ke ɗauke wa yara hankali. Labarin kisa ne da neman wanda ya yi shi. Wallahi ban runtsa ba sai da na kai bangon ƙarshe, sai na tarar an rubuta cewa a nemi littafi na biyu. Da gari ya waye, ni da na ƙwace littafi, ni ne na kira yarinyar gefe ina tambayarta ko tana da cigaban.

Daga baya na auna abin. A ajin nan, ita ce ta fi kowa iya karatu, ita ce kuma ta fi kowa iya tsara jimla. Abin da na kasa cusa wa sauran da bulala, littafin da na raina ya koya mata a ɓoye. Tun ranar nake bibiyar irin waɗannan littattafai, kuma a kan wani reshe nasu nake son mu tattauna yau, wato labaran bincike da ɗaurin kai waɗanda ake ginawa a cikin duniyar 'yan fim.

Kowane labarin bincike yana da ginshiƙai sanannu. Akwai laifin da aka aikata a ɓoye. Akwai mutane kaɗan waɗanda kowannensu yana da dalilin da zai sa a zarge shi. Akwai mai bincike, wanda ba lalle ne ya zama ɗan sanda ba. Sannan akwai alamu da marubuci yake watsawa a hanya, wasu na gaskiya, wasu na ɓad da sawu. Ƙa'idar sana'ar ita ce kada marubuci ya ɓoye wa mai karatu wata alama da mai bincike ya gani. Idan an zo warwara, mai karatu ya dafe kai ya ce, ai kuwa an nuna mini, ni ne ban lura ba. A Turai da Amurka ana danganta tushen wannan salo da Edgar Allan Poe a 1841, sannan Sherlock Holmes ya bayyana a 1887 ya karaɗe duniya.

To me ya sa marubutan wannan fanni suke son masana'antar fim? Amsar a fili take. Mai bincike aikinsa gano wanda yake yin ƙarya, ita kuwa masana'antar fim wuri ne da kowa ya ƙware wajen zama wanda ba shi ba. Mai kuka ya iya kukan da ba na zuci ba, mai dariya ya iya dariyar da ba ta kai ciki ba. Mu Hausawa muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma yaya za a yi da mutumin da fuskar ita ce jarinsa? Ga kuɗi masu shigowa kamar ambaliya su kuma ɗauke kamar ruwan bazara. Ga kishi tsakanin wadda tauraronta ke hawa da wadda nata ke dusashewa. Ga asirin da idan ya tonu, suna ya zube cikin dare ɗaya. Duk abin da ke tunzura mutum ya yi ɓarna, an tara shi a rumfa ɗaya.

Bari in ba da misali da littafin Agatha Christie, marubuciyar Ingila, mai suna The Mirror Crack'd from Side to Side, wanda ya fito a 1962. Wata shahararriyar jarumar fim, Marina Gregg, ta sayi wani babban gida a wani ƙauye, ta shirya liyafa. Wata mata mai ƙaunar finafinanta ta zo gaishe ta, ta sha abin shan da aka zuba wa jarumar, ta faɗi ta mutu. Kowa ya ɗauka jarumar aka nufa da guba, tsautsayi ya faɗa kan baƙuwa. Wadda ta kwance ƙullin wata tsohuwa ce ta ƙauyen, Miss Marple, wadda makaminta kawai sanin halin mutane. Shaharar baƙin ba ta rufe mata ido ba. Ta auna su da mudun da take auna maƙwabtanta, ta kuma saurari abin da mamaciyar ta faɗa kafin ta mutu, maganar da kowa ya ji amma ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. Ba zan gaya muku ƙarshen ba, don kada in ɓata wa mai niyyar karantawa. A Amurka ma Raymond Chandler ya gina The Little Sister a 1949 a cikin Holiwud, masana'antar da aka kashe wani daraktanta, William Desmond Taylor, a 1922, kuma har yau ba a tabbatar da wanda ya kashe shi ba.

Mu dawo gida. Kada wani ya zaci ɗaurin kai baƙo ne a adabinmu. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifi ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, labarin ɓarayi da dabarunsu, akwai kuma Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, labarin ramuwar gayya da ke riƙe numfashin mai karatu har ƙarshe. A 1982 'yan Katsina biyu suka ɗaga wannan tuta: Sulaiman Ibrahim Katsina da Turmin Danya, wanda ya tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci, da Bature Gagare da Ƙarshen Alewa Ƙasa, mai cike da makamai da tashin hankali. Da aka shiga zamanin adabin kasuwar Kano, soyayya ce ta mamaye rumfunan littattafai, amma marubuta irin su Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro sun riƙe ɓangaren ban tsoro da sarƙaƙiya.

Abin lura kuma shi ne, a wurinmu littafi ne ya goyi fim. Tun 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da fim ɗin da ake ƙirgawa a matsayin farkon finafinan bidiyo na kasuwa, wanda shi ma sunansa Turmin Danya. Daga nan marubuta suka riƙa ɗaukar littattafansu suna kai su gaban kyamara: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. A 1999 sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa, a shekarar ce kuma Ibrahim Sheme, ɗan jihar nan, ya fara buga mujallar Fim. Cikin shekara goma an sami sabuwar duniya mai taurarinta da attajiranta da masu ƙaunarta da maƙiyanta.

Wannan duniya ta ga abubuwa. An kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001. A 2007 wani abin kunya da ya yaɗu ta wayar hannu ya girgiza masana'antar, aka dakatar da aiki na watanni, aka tsaurara dokoki, wasu suka kwana a gidan yari, wasu suka yi ƙaura zuwa Kaduna da sauran garuruwa. A shekarar ce kuma aka ƙona tarin littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Satar fasaha ta karya 'yan kasuwar kaset da faifai. A 2016 aka janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan ce-ce-ku-ce mai zafi. Yau kasuwar ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Duk marubucin da yake neman laifi da zargi da asiri da amanar da aka ci, ga rumbu nan cike, amma har yanzu ɗiban da aka yi masa kaɗan ne idan aka kwatanta da labaran soyayya.

Wani zai ce, mu da muke fama da ƙarancin alli da azuzuwan da suka cika suka tumbatsa, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu biyu ne.

Na farko, yaranmu sun riga sun shiga wannan duniya ko da ba su taɓa taka Kano ba. Yaron da bai iya karanta shafi ɗaya ba, zai lissafa maka jarumai ashirin da motocinsu. Yarinya tana kallon leshi da gwal a wayar yayarta, tana zaton haka rayuwar take dare da rana. Ba ta san sau nawa aka maimaita ɗaukar fitowa ɗaya a cikin rana ba, ba ta san cewa sau da yawa gidan na aro ne, motar ta aro ce ba, ba ta san yawan waɗanda suka je neman suna suka dawo hannu rabbana ba. Wa'azi kan wannan yakan shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Labarin da ya zagaya da ita bayan kyamara, ta ga mai kwalliya da mai riƙe fitila da furodusan da bashi ya sha masa kai, shi zai zauna mata a rai.

Na biyu ya fi girma. Labarin bincike makaranta ce ta hujja. Yana koya wa mai karatu cewa wanda ya fi kama da mai laifi sau da yawa ba shi ne ba, cewa biri ya yi kama da mutum amma kama ba ta isa a yanke hukunci ba. Mu kuwa muna cikin zamanin da hoto ɗaya a WhatsApp yake isa a kashe aure, murya ɗaya da ba a san mai ita ba take isa a tayar da unguwa. 'Yan fim suna cikin waɗanda suka fi shan wannan ɗaci, domin kowa yana jin yana da lasisin yanke musu hukunci daga nesa, mai laifi da marar laifi a kwando ɗaya. Yaron da ya saba tambayar wa ya gani, yaushe, ina shaida, ba zai yi saurin tura ƙazafi gaba ba, kuma zai yi wuya a ja shi cikin taron da ke ihun ɓarawo.

Ga yadda na jarraba a aji. Nakan ware darasin ƙarshe na ranar Alhamis. In karanta babi ɗaya da murya, in tsaya daidai inda ƙulli ya ɗaure. In raba allo gida uku: abin da muka gani da idonmu a labarin, abin da wani ya ce, da abin da muke zato. Kowane ɗalibi ya rubuta wanda yake zargi da dalilai uku. Mako na gaba a ci gaba, kowa ya duba ko hujjarsa ta tsaya ko ta rushe. Ranar farko kusan duk abin da suka kawo a gidan zato ya faɗa. Kafin zango ya ƙare, sai ka ji yaro ya ɗaga hannu ya ce, Malam, wannan ai cewa aka yi, ba mu gani ba. Wanda ya kai nan ya sami abin da zai amfane shi a lissafi da kimiyya da zaman duniya. Sharaɗi ɗaya ne: malami ya fara karanta littafin kafin ya shigar da shi aji, domin a cikinsu akwai na ƙwarai, akwai kuma masu kyan ɗan maciji, waɗanda ba su dace da yara ba.

Saboda haka ina roƙon reshe abu biyu. Mu haɗa akwatin littattafai, kowane malami ya kawo ko da guda ɗaya, kwamiti ya tace, akwatin ya riƙa zagaya makarantunmu daga Tafashiya zuwa sauran garuruwan Kankiya da Kusada, zango zango. Sannan mu sa gasar rubutu a tsakaninmu. Ku tuna, cikin waɗanda suka yi fice a gasar 1933, Abubakar Imam da Bello Kagara suna koyarwa ne a Katsina, Tafawa Ɓalewa kuma yana koyarwa a Bauci. Malaman makaranta ne suka buɗe wannan ƙofa, ba za a ce jikokinsu sun kasa shiga ba.

Har ma ga ɗan iri na ba ku kyauta. A ce 'yan fim sun sauka a wani ƙauye irin namu don ɗaukar shiri bayan kaka. An ba su aron ajin firamare su ajiye kaya. Daren da za su tashi, na'urar da aka adana dukan aikin sati uku ta ɓace. Nan take aka kama maigadin makaranta, tsoho marar gata, don shi ke riƙe da makulli. Akwai jarumin da ya yi cacar baki da darakta, akwai furodusan da masu bin bashi ke kira ba dare ba rana, akwai yarinyar da aka yi wa alkawarin fitowa aka fasa. Sai wata malamar aji uku, wadda shekara ashirin tana gane yaron da ya kwafi aikin wani daga yadda ya riƙe fensir, ta lura da wani ɗan abu a kan allo wanda ba a wurin yake ba da yamma. Me ta gani? Wannan kuma ya rage ga wanda zai ɗauki alƙalami a cikinku.

Ita kuwa ɗalibar tawa, na mayar mata da littafinta, na kuma ba ta haƙuri a gaban ajin da na kunyata ta. Ta kawo mini na biyun, amma sai da ta sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ƙarshensa ba.

 Allah ya ba mu ikon sauke amanar yaran da aka damƙa mana.