Yadda Ake Tsirar da Irin Kabewa a Ɗaki

 

Yau zancenmu a kan irin kabewa ne. Kowa ya san daɗin miyar taushe. Ban da daɗi kuma, cin kabewa yana taimakon ido, yana tsare yara daga dundumi.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992, mutane da yawa a ƙasar Karaye da Rogo suna noman rani. To, ga abin da kan faru. Mutum ya shuka kabewa a fadama cikin watan Disamba ko Janairu. Ya yi ta ban ruwa har mako biyu, shiru. Ya tona, ya tarar iri ya ruɓe. Sai ya ce irin ne ba shi da kyau. Sau da yawa kuwa laifin sanyi ne.

Irin kabewa yana son ɗumi wanda ba ya yankewa, watau digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin zafi. Da hunturu kuwa, cikin dare sanyi yakan kai digiri 13. Ƙasa ta yi zafi da rana, ta huce da dare. Iri ya sha ruwa, amma ya kasa tsirowa.

Ga dabara. Ka ɗebi iri, ka jiƙa shi da ruwa mai ɗumi dare ɗaya. Da safe ka tsame. Ka sami tsumma mai tsabta, ka jiƙa, ka matse. Ka jera irin a ciki, ka naɗe. Ka sa a ƙwarya, ka rufe da faifai domin iska ta riƙa shiga. Sa'an nan ka lulluɓe da tsohon bargo, ka ajiye a ɗakin kwana, a bisa kujera inda ɓera ba zai kai ba. Kada ka sa kusa da murhu, wuta dafa iri take yi.

Kowace safiya ka duba. In tsumma ya bushe, ka yayyafa ruwa kaɗan. Cikin kwana huɗu zuwa bakwai za ka ga farar saiwa ta leƙo. Ran nan za ka shuka, kada ka bari ta yi tsawo, don ba ta da wuyar karyewa. Zurfin rami gaɓar yatsa ɗaya, saiwa tana kallon ƙasa. Ka rufa da ciyawa kaɗan saboda sanyin dare.

Dabaran nan kuma tana nuna maka ƙarfin irinka. Ka naɗe ƙwaya goma. In takwas sun tsiro, iri mai kyau ne. In uku ne kaɗai, ka nemi wani tun lokaci bai ƙure ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Aikinku na wannan mako ke nan. Kowa ya naɗe ƙwaya goma, ya rubuta ranar da ya fara da ranar da suka tsiro, da yawansu. Ku zo da takardunku mu karanta tare. Allah ya ba mu albarkar noma.