Biskit ɗin Kare a Matsayin Tsarabar Kirsimeti a Ingila da Amurka



Laccar yau ta shafi wata al'ada ta mutanen Ingila da Amurka, wato toya wa kare biskit a gida, a ƙawata shi, a kai wa makwabci ko aboki mai kare a matsayin tsarabar Kirsimeti. A waɗannan ƙasashe ana ɗaukar kare tamkar ɗan gida, saboda haka wanda ya kyautata masa ya kyautata wa mai shi.

Da farko dai, asalin abin ciniki ne. Wajen shekarar 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit na musamman domin karnuka a birnin Landan. A 1908 kuma wani kamfani a New York ya fito da nasa, wanda daga baya ya shahara da sunan Milk-Bone, mai siffar ƙashi. Amma a 2007 aka sami gubar melamin cikin abincin dabbobi na kanti a Amurka, karnuka da kyanwoyi da dama suka mutu. Wannan ya ƙara wa masu toyi a gida hujja, domin mai haɗa ƙulli da hannunsa ya san abin da ya zuba.

Haɗin ba shi da wuya. Akan kwaɓa garin alkama da ƙwai da dafaffiyar kabewa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a murza, a yanka siffar ƙashi ko tauraro, a gasa a tanderu har ya bushe ƙayau, don kada ya yi fumfuna kafin ya isa hannun mai shi. Sannan a shafa kindirmo marar sukari domin fari, ko gangamau domin rawaya.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Launukan Kirsimeti su ne ja da kore, alhali idon kare ba ya rarrabe su sosai. Shuɗi da rawaya ya fi gani, kuma hanci ne jagoransa. Ashe ke nan ado na mai kare ne, abin da ke ciki kuwa cikin kare zai shiga. Kayan zaƙin da mutane suka saba ƙawata gashinsu da su suna iya zama ajalinsa. Cakulan na ɗauke da sinadarin tiyobromin, wanda jikin kare ba ya iya fitarwa da wuri. Inabi da zabibi suna lalata masa ƙoda. Albasa da tafarnuwa suna ɓata masa jini. Zailitol kuwa, wanda akan sa cikin wasu gwangwanayen gyaɗa maimakon sukari, yana karya sukarin jininsa cikin ɗan lokaci. Biskit mai irin waɗannan kaya, komai tsarinsa, kyan ɗan maciji ne.

Saboda haka masu lura sukan sa garin karob a madadin cakulan, su kuma rubuta duk abin da suka zuba a jikin ƙunshin, tare da ranar toyi. Likitocin dabbobi suna ba da shawara kada irin wannan lashe-lashe ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin kare a yini.

Daga ƙarshe, wanda zai yi wannan kyauta ya fara tambayar mai karen abin da dabbarsa ke ci da wanda ba ta ci, sannan ya kunna wuta.