Kafin Ka Kashe Albashinka a Kan Maganin Ciki: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Malamai a Lafagu

Ni ba likita ba ne, mai riƙe alli ne kamarku. Abin da na ɗanɗana shi ne jarina a yau.

Shekara uku na yi ina fama da ciki. Ina tsakiyar darasi sai murɗa ta taso, in bar yara su kaɗai in nufi bayan gida. Mako guda gudawa, mako na gaba ciki ya ɗaure, ga kumburi kamar na haɗiyi ƙwarya. Sau uku na sha maganin taifot ba tare da gwaji ba. Da na je asibiti a Birnin Kebbi aka auna jini da bayan gida, sai likita ya ce babu tsutsa, babu gyambo. Cutar da nake da ita ita ce wadda likitoci ke kira IBS, wato hanji mai saurin fusata. Bisa ƙa'idar da masana suka sabunta a 2016, alamarta ita ce ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako har tsawon wata uku, tare da sauyin yanayin bayan gida. Ba ta kisa, amma tana hana sakat.

A lokacin ne na fara jin labarin furobayotik, wato ƙananan halittu masu rai da ake sha don su taimaki hanji. Wani mai talla ya sayar mini da kwalba ɗaya da aka shigo da ita ta kan iyaka, rubutunta duk Faransanci. Na biya kuɗin da ya isa buhun gero, na shanye, ban ga komai ba. Daga baya na lura wa'adinta ya wuce, kuma ta sha ranar kasuwa. Abu mai rai kuwa, zafin watan Afrilu na ƙasarmu ba ya ƙyale shi.

Su kansu masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. A 2020 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ce hujjar amfaninsa ga wannan cuta ba ta isa ba tukuna. Takwararta ta Birtaniya a 2021 ta ce ana iya gwadawa har mako 12, in ba a ga sauyi ba a daina. Ma'ana, wani yakan dace, wani bai dace ba. Saboda haka ga shawarwari huɗu.

Na ɗaya, a fara da gwaji. Mu da ke kusa da Kwara, tsutsar ciki da atini da tsargiya ba baƙinmu ba ne, kuma kowannensu na iya kama da wannan cuta. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana rama ba dalili, ko zazzaɓi, ko gudawa mai tayar da shi cikin dare, ko ciwon ya fara masa bayan ya haura hamsin, asibiti ne nasa, ba shagon magani ba.

Na biyu, a karanta kwalba kamar yadda muke duba takardar jarrabawa. A nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi da yadda ake ajiya. A nemi cikakken sunan halittar har da lambarta, misali Lactobacillus plantarum 299v ko Bifidobacterium longum 35624, waɗanda aka gwada a kan masu wannan ciwo. Kwalbar da ta ce tana maganin kowace cuta, a mayar wa mai ita.

Na uku, a gwada iri ɗaya tak, a sha kullum aƙalla mako huɗu, ana rubuta yadda ciki ya kwana a ɗan littafi. Mu da muke kiran rajista kowace safiya, wannan ba zai gagare mu ba. In wata uku ya cika shiru, a tsaya, kuɗin ya tafi ga cefane.

Na huɗu, kada mu raina abin gida. Kindirmo da nono suna ɗauke da irin waɗannan halittu, muddin an tafasa madarar kafin a ɗaura ta, kuma ba a sirka da ruwan da ba a yarda da shi ba. Sai dai wani cikin ba ya ɗaukar madara sam. Ni littafina ne ya tona mini cewa wake da ɗanyar albasa da burodi ne ke tayar mini da ciki, sai kuma damuwar ƙarshen wata. Da na rage su, na daina tsallake karin kumallo, na samu sauƙin da kwalbar nan ba ta ba ni ba.

Masu ciki da masu wata doguwar jinya su tuntuɓi likita kafin su sha. Sauranmu kuma mu daina jin kunyar faɗin ciwon ciki, domin mai ɓoye ciwonsa shi mai talla ke nema.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu.