Yadda Za Mu Gane Kimiyyar Ƙarya: Jawabi a Tungar Daji



Ba mu manta da shekarar 2010 ba. Yara suka yi ta suma da jijjiga a nan Tungar Daji, da Dareta, da Abare, da Yargalma. Aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Sai likitocin MSF suka ɗebi jini aka auna, aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a gidajenmu. Yara kusan 400 suka rasu. Da aka kankare ƙasar gidaje, aka ba yara maganin DMSA, mutuwar ta ragu ƙwarai. Ga kimiyyar gaskiya ke nan: a auna, a yi magani, a sake aunawa.

Akwai kuma mai kwaikwayonta. Ran nan a kasuwa na ga wani da farar riga da na'ura. Wai ka ɗora tafin hannu, ta faɗi duk ciwonka, ya sayar maka da kwalbar "wankin jini". Ga alamu huɗu na irinsa.

Na ɗaya, magani guda ga kowace cuta: basir, ciwon suga, dalma, rashin haihuwa.

Na biyu, ba ya son gwaji. Ba a ganin dalma a tafin hannu, sai an auna jini.

Na uku, hujjarsa ba ta wuce "wance ta sha ta warke" ba. Waɗanda suka sha ba su warke ba fa, ina labarinsu?

Na huɗu, yakan ce a bar maganin asibiti. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da ƙanjamau da ganyaye. Aka sa marasa lafiya suka daina shan maganinsu, waɗansu suka mutu. Girman mai magana ba hujja ba ne.

Don haka kafin ku kwance bakin zane ku biya, ku tambaye shi: Me ke ciki? Wa ya gwada shi? Ka yarda a auna jinin yaron kafin ya sha da bayan ya sha? In ya fusata, kun sami amsa.

Kada kuma a dawo da niƙan dutse cikin gida. Babu kwalbar da za ta kare yaron da ke rarrafe cikin ƙurar dalma.

Allah ya kiyaye mana yaranmu.