Dalilin Matsar da Makaranta Daga Ƙarƙashin Babbar Waya

Jawabin Magatakardan Liman a wajen aza harsashin ginin Masallacin Juma'a da Makarantar Islamiyya

Da sunan Allah mu ke farawa, gare Shi mu ke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma wakilin Mai Martaba Sarkin Gaya, Allah ya ja zamanin Sarki. Masu girma hakimai da dagatai da masu unguwanni. Allah ya gafarta Malam Liman da sauran malamanmu. Iyayenmu mata da ke saurare daga rumfarsu. Baƙinmu da suka taso daga Gaya da Ajingi da Wudil da ƙauyukan da ke kewaye. 

Bayan haka, Malam Liman ya umurce ni, a matsayina na mai riƙe masa takardu, da in tsaya gabanku in amsa wata tambaya wadda ta daɗe tana yawo a bakin jama'a. Tambayar kuwa ita ce: me ya sa aka tona harsashin makaranta a kudancin masallaci, har sai da aka sayi ƙarin fili, alhali ga sarari can arewa wanda Alhaji ya bayar wakafi, ba ko kwabo? Waɗansu sun ce ɓarnar kuɗi ce, waɗansu sun ce tsoro ne irin na 'yan boko, waɗansu kuma sun ce an ƙi kyautar bawan Allah. Tun da ya ke kuɗinku ne, 'ya'yanku ne kuma za su zauna a ciki, haƙƙinku ne ku ji dalili filla-filla.

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi arewa zai ga turaku a jere, da wayoyi uku sun ratsa ta saman filin nan. A tsarin farko, azuzuwan yara a ƙarƙashinsu za su faɗa. To, bari mu fara da sanin ko mece ce wannan waya.

Wutar da ke zuwa ƙasar Kano tana tasowa ne daga nesa, daga manyan tashoshi irin su madatsar Kainji wadda aka gama a 1968, da Jebba da Shiroro. Ana ɗauko ta bisa dogayen turakun ƙarfe da ƙarfin bolt 330,000 har zuwa tashar Kumbotso, a can a rage ta zuwa 132,000, sa'an nan a sake rage ta zuwa 33,000 a rarraba wa garuruwa. Ba ta shiga ɗakunanmu sai taransifoma ta sauke ta zuwa bolt 230. Wadda ta ratsa filinmu mai 33,000 ce, watau ta ninka ta cikin gida fiye da sau 140. Kuma ku sani wayar nan tsirara ta ke, ba roba a jikinta. Babu abin da ya raba mu da ita sai iska da nisa.

Da kwamitin gini ya zauna, sai muka ga maganar ta kasu kashi biyu, kamar yadda malamanmu suka koya mana rarrabe yaƙini da zato. Zan fara da zaton, domin shi ya fi yawo a gari.

An yi ta cewa yaron da ke zama kusa da babbar waya zai kamu da sankarar jini. Wannan magana tana da asali. Kowace waya da wuta ke gudu a cikinta tana da wani ƙarfi irin na maganaɗisu da ke kewaye da ita, ido ba ya ganinsa, bango kuma ba ya tare shi, amma yana raguwa da sauri gwargwadon yadda mutum ya nisanta. A 1979 waɗansu masu bincike biyu, Nancy Wertheimer da Ed Leeper, suka bi gidajen birnin Denver a Amurka, suka ce sun ga cutar ta fi yawa ga yaran da gidajensu ke kusa da wayoyi masu ɗauke da wuta mai yawa. Daga nan bincike ya yi ta biyo baya a ƙasashe. A shekarar 2000 aka tattara sakamakon ƙasashe da dama wuri guda, aka ga cewa inda ƙarfin nan ya wuce maikurotesla 0.4 a zaman yau da kullum, watau ma'aunin da a ke auna shi da shi ke nan, cutar takan ninka kusan sau biyu. Amma gidajen da suka kai wannan ma'auni 'yan kaɗan ne ƙwarai, ita kanta cutar kuma ba mai yawa ba ce ga yara.

Saboda haka a 2002 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sa wannan ƙarfi a sahun abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo sankara, watau sahun da hujja ba ta cika ba. A 2007 Hukumar ta sake dubawa, ta ce hujjar ba ta kai a yanke cewa wayar ce sanadi ba, domin ba a ga cutar ta kama dabbobin da aka gwada ba, ba a kuma gano hanyar da ƙarfin zai bi ya ɓata jini ba. Ta ƙara da cewa ko da a ce shi ne sanadin, rabonsa bai kai kashi 5 cikin 100 na yaran da ke kamuwa a duniya ba. A Ingila ma, masanan Jami'ar Oxford sun ga alamar a 2005 ga yaran da aka haifa kusa da manyan layuka, amma da suka faɗaɗa binciken a 2014 sai suka tarar alamar ta yi ta raguwa tun daga shekarun 1960 har ta ɓace, alhali wayoyin suna nan inda su ke.

Wannan shi ne iyakar zaton, ba mu ƙara masa gishiri ba.  Saboda haka duk wanda gidansa ke hango turakun nan daga nesa, ya kwantar da hankalinsa, kada wani ya tsorata shi. Sai dai Hukumar ta ba da shawara mai ma'ana, cewa inda za a yi sabon gini, kuma nisantar ba ta da tsada mai yawa, to a nisanta. Ƙasar Holan ta bi wannan hanya tun 2005 game da sababbin gidaje da makarantu. Jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa ta sa doka cewa sabuwar makaranta ta bar aƙalla ƙafa 100 daga gefen hurumin layin da ke tsakanin bolt 50,000 da 133,000, in layin ya fi haka a ƙara nisa.

Yanzu sai yaƙini, wanda shi ne ainihin abin da ya ɗaga mu daga wancan wuri.

Babbar waya tana kisa nan take, wannan ba ya bukatar bincike. Ba lalle sai an taɓa ta ba, domin wuta mai wannan ƙarfi takan yi tsalle ta cikin iska ta kama ƙarfe ko ɗanyen icce in ya matso kusa. Da bazara waya takan yi zafi ta saki, ta sauko ƙasa da inda ta ke da hunturu. Da farkon damina kuma kowa ya san irin iskar da kan riga ruwa zuwa a ƙasar nan, wadda ke kwashe kwanon rufi ta kayar da bishiya. In waya ta tsinke ta faɗi bisa rufin kwano, rufin duka ya zama wuta, da ƙofofin ƙarfe da tagogi. In ta faɗi ƙasa, ƙasar da ke kewaye da ita ta ɗauki wuta, mutum na tafiya sai ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Shi ya sa saniya ta fi mutum saurin faɗuwa a irin wannan wuri, saboda tazarar da ke tsakanin ƙafafunta. Kada kuma tsuntsun da ke zaune bisa waya ya ruɗe mu: shi bai taɓa ƙasa ba, bai kuma taɓa waya ta biyu ba.

Abin nan ya faru a ƙasarmu. A watan Afrilu na 2017, a birnin Kalaba, babbar waya ta faɗo bisa wani gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano da dare, 'yan sanda suka tabbatar da rasuwar mutum 7. A watan Satumba na 2023, a unguwar Gwargwaje ta Zariya, babbar waya ta tsinke ta hau kan ƙaramar da ke kai wuta gidaje, aka rasa rayuka cikin dare, mutane suna kwance a ɗakunansu. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Hausawa kuwa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sa'an nan ku tuna ko su wa za su zauna a makarantar. Yara ne masu hawan bishiya, masu ɗaukar doguwar gora su kaɗo mangwaro da kanya, masu jifa da duk abin da hannu ya kai. Tun kafin su shigo ma akwai magina. Sandar rodi guda tsawonta mita 12 ne, lebura zai ɗaga ta bisa kafaɗa, kafinta zai hau sama da fallen kwano a hannu, ga hasumiya da lasifika a kanta.

Hukuma ma ta yi magana. Ƙa'idar da Hukumar NERC ta fitar a 2015 ta ba kowane layi huruminsa wanda ba a gini a ciki. Mai bolt 330,000 huruminsa mita 50 ne, watau 25 kowane gefe. Mai 132,000 mita 30, watau 15 kowane gefe. Mai 33,000 da mai 11,000 mita 11, watau biyar da rabi kowane gefe. Hukumar NEMSA ce ke duba wannan, kuma ginin da ya shiga hurumi ana iya yanke masa wuta, ana iya rushe shi. Ina amfanin mu tara gumin talakawa mu aza a inda wata rana za a zo a shafa masa jan fenti? Mita biyar da rabi kuwa ita ce mafi ƙaranci, sandar rodi guda ta ninka ta har da ɗori. Don haka kwamiti ya bar mita 30, kusan ƙafa 100, tsakanin waya da bango mafi kusa. Da wannan mun fita daga yaƙinin, mun kuma yi sallama da zaton.

Ga masu cewa rai a hannun Allah ya ke, mun ce gaskiya ne, babu mai ja. Amma mun karanta yadda Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sargu ya ji labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ya yi rauni. Malamanmu kuma sun lissafa tsare rai cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su. Ni kaina a tsangaya na tashi. Da dare mukan haɗa wutar kara a tsakiya mu kewaye ta da alluna, ita ce fitilarmu, amma Malam bai taɓa barin kolo ya zauna a sahun gaba ba, sai gardawa. Mu kuma mutanen ƙasar Gaya, da tarihi ya ce daga cikinmu maƙeran da suka fara zama gindin Dala suka fito, bai kamata a koya mana girmama wuta ba.

Game da wakafin Alhaji, ba a mayar masa ba, ba a kuma sayar ba. Masallacin kansa a kan filinsa ya ke. Yankin da ke ƙarƙashin waya za a kewaye shi, ba gini, ba rumfar mai shayi, ba dashen bishiya. Za a riƙa noma gyaɗa da wake a gefensa, abin da aka samu a sayi alli da tawada da tabarmi. Da aka kai masa wannan bayani, shi ne ya fara sa hannu a aljihu domin sayen ƙarin filin. Allah ya saka masa da gidan Aljanna.

Ina da roƙo uku. Na farko, ga mawadata da sauran jama'a: sayen filin kudu ya ci kuɗin da aka tanada domin rufi, saboda haka littafin gudummawa yana buɗe a hannun ma'aji, kowa a ba shi rasit, mai buhun siminti da mai kwanon gero duk ɗaya ne wurin Allah in niyya ta yi kyau. Na biyu, ga dagatai da masu unguwanni, daga Kademi har Toranke: in za a yanka fili domin makaranta ko masallaci ko kasuwa, a ɗaga kai a dubi sama kafin a dubi ƙasa. Na uku, ga iyaye da malamai: ku koya wa yara cewa wayar da ta faɗi ba a matsarta ko da an ɗauke wuta, domin ana iya maido ta ba sanarwa. A tsaya nesa da ita aƙalla mita 10, a hana dabbobi wucewa, a aika wa ma'aikatan lantarki. Wanda ta kama kuma, kada tausayi ya sa a kai masa hannu kafin a kashe layin, don kada gawa ɗaya ta zama biyu.

Allah ya sa wannan harsashi ya zama an aza shi bisa tsoronSa. Allah ya ba mu ikon kammalawa, ya raya yaran da za su yi karatu a ciki, ya tsare su daga sharrin abin da mu ke gani da wanda ba mu gani. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Malam Liman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.