Haƙƙin Baƙon da Bai Ji Hausa Ba Tukuna

(Jawabin da wani ɗalibin aji uku ya gabatar a daren rufe Makon Hausa na bana.)



Ina godiya ga shugabannin ƙungiyarmu da suka ba ni wannan dama, ga kuwa manya zaune waɗanda suka fi ni sani da shekaru. An ce in yi magana a kan saukar ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa ta hanyar musayar ɗalibai, da yadda mai masauki zai yi da shi idan harshe ya gagara. An ɗora mini wannan nauyi ne don bara gidanmu da ke cikin birni ya sauki wani ɗalibi daga ƙasar Sin har wata bakwai, ni aka haɗa shi da shi, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Ran Juma'a ya iso, saboda haka mutanen gida suka raɗa masa suna Ɗanjuma.

Magana guda nake so ku tafi da ita. Ɗalibin da ya ƙetaro teku don ya koyi Hausa, babban haƙƙinsa a kan mai masaukinsa shi ne a yi masa Hausa, a kuma yi haƙuri da shi har ya mayar da amsa da bakinsa. Abinci da shimfiɗa kowane otal yana iya ba shi.

Zuwan baƙi neman harshenmu ba yau aka fara ba. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano yana jin Hausa. Da zai koma a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda ya zauna a Ingila, wani malami mai suna Schön ya riƙa rubuta maganarsa, har aka buga littafin Magana Hausa a 1885. Watau mu ma ɗanmu ya taɓa zama baƙo a gidan da ba a jin harshensa. A 1934 Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa. Gidan rediyon BBC ya buɗe sashen Hausa a 1957, na ƙasar Sin kuma a 1963. Ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Bejin, da Jami'ar Waso a Folan, da wasu jami'o'i a Jamus. Daga irin waɗannan azuzuwa baƙinmu suke fitowa, suna riƙe da Hausar littafi, ba su taɓa jin ta a bakin mai sayar da ƙosai ba.

To ina ne harshen yake kayar da su? Wuri na farko shi ne sauti. Karin sauti bai cika wahalar da Ɗanjuma ba, don harshensu yana da kari huɗu, saboda haka da wuri ya raba kukan jariri da kukar miya. Tsawon wasali ya ɗan ja shi, garin Kano da garin tuwo suka daɗe suna rikita shi. Amma baƙaƙenmu masu ƙugiya su ne suka fi gallabarsa. Wata rana wata maƙwabciya ta shigo tana tambayar mahaifiyarmu, ya ce mata, "Inna tana daka." Matar ta dubi turmi a kife, ta dube shi. Nufinsa Inna tana ɗaka. Haka kafa da ƙafa, bari da ɓari, duk ɗaya suke a kunnensa sai da aka yi wata biyu.

Wuri na biyu shi ne jinsi da jam'i. A Sinanci, kalmar da ke nufin "shi" da wadda ke nufin "ita" furucinsu ɗaya, kuma tebur da kujera ba su da namiji ko mace. Ga shi mu kuwa har rana mace ce, wata namiji. A makonsa na farko ya tari mahaifinmu a zaure ya ce, "Sannu da zuwa Baba, kin dawo?" Baba bai ko murmusa ba, ya ce, "Na dawo, Ɗanjuma. Kai ma ka dawo lafiya?" Ya ɗan nauyaya "ka" ɗin, ya wuce. Da dare yaron ya zo ya same ni da littafinsa, ya gane da kansa. Jam'i kuwa, ku da kuka sha shi a nono ba ku san wuyarsa ba: gida gidaje, kare karnuka, akuya awaki, tunkiya tumaki, sarki sarakuna. Ya tambaye ni dokar da ke raba su, na koma wurin malamanmu na nahawu kafin in iya ba shi rabin amsa.

Wuri na uku shi ne wanda ƙamus ba ya warwarewa, watau al'ada. In an ce masa "Ina gajiya?" sai ya tsaya ya ba da labarin gajiyar tun daga tashar mota. A kasuwar Kurmi ya taya wata jakar fata, mai kaya ya ce "Albarka," shi kuwa ya zaro kuɗi da murna, a zatonsa an sa wa ciniki albarka ne. Mutum ya ce "Ina zuwa" alhali fita yake yi. A ce masa a haɗu bayan la'asar, ya ce ƙarfe nawa. Ya taɓa tambayata a asirce ko akwai ɓacin rai tsakanin Inna da yayanmu, don bai taɓa jin ta kira sunansa ba. Sai da na yi masa bayanin kunyar ɗan fari. Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Aikin mai masauki shi ne ya zama ɗan jagora, ya faɗa masa abin da ke bayan kalma kafin ya yi tuntuɓe da ita a gaban mutane.

'Yan'uwana, yanzu na zo kanmu. Babban abin da ke hana baƙo jin Hausa a cikin jami'a shi ne mu 'yan boko. Da zarar ya fara in-ina, sai mu juya zuwa Turanci, wai muna taimakonsa, alhali kuwa gajen haƙuri ne, wani lokaci ma son a ji mun iya. Shi kuwa Turancin nan ba harshensa ba ne, shi ma koya ya yi a makaranta kamar mu. Sai a wayi gari ya shekara a ƙasar Hausa, Turancinsa ya ƙaru, Hausarsa tana nan inda ya baro ta. A gidanmu waɗanda suka fi koya wa Ɗanjuma su ne kakarmu da yara ƙanana, don ba su da wani harshe da za su gudu zuwa gare shi. Tsohuwa ta ɗauke shi jika, tana ce masa angonta, tana tuhumarsa kuɗin cefane kullum safiya. Dole ya nemo kalmomin da zai kare kansa. In bai gane ba sai ta maimaita, ta nuna da hannu, ta sake faɗa da wata kalma, ba ta gajiya. Wannan ita ce hanyar: a sassauta magana ba tare da an karya ta ba, a daina ɗaga murya don baƙo ba kurma ba ne, in an yi masa tambaya a gabanka ka kame bakinka ka ƙidaya goma a zuci kafin ka cece shi.

Akwai kuma wata mummunar ɗabi'a da ya kamata a faɗa a fili. Wasu samari suna koya wa baƙo ashar, su ce masa gaisuwa ce, su tura shi wurin dattijo su koma gefe suna dariya. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya sake yarda ya buɗe baki, kuma wannan labari shi zai kai gida. Dariya kan kuskure ba laifi ba ce in da shi ake yin ta, shi ma ya san abin da ya faɗa. Shimfiɗar fuska, in ji Hausawa, ta fi ta tabarma.

Sai dai akwai inda ake ajiye darasi. In baƙo ba shi da lafiya, ko wata magana ta taso da hukuma kan takardunsa, to a nemi harshen da ya fi ji. Da damina zazzaɓi ya kama Ɗanjuma, abin da ya iya faɗa kawai shi ne jikinsa yana da zafi kaɗan, don "kaɗan" da "sosai" su ne iyakar ma'auninsa. Baba ya taɓa goshinsa, ya sa aka kirawo wani ɗan ƙasarsu da ke kasuwanci a Kantin Kwari ya yi tafinta a asibiti, aka auna jini aka ga zazzaɓin cizon sauro ne. Wanda bai tashi a ƙasar sauro ba, cutar tana iya tsananta masa cikin 'yan kwanaki. A irin wannan hali ne kuma na'urar fassara ta wayar hannu take da rana. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa. Amma in an bar ta ta zama bakin baƙo kullum, ta zama wani Turancin, kuma ba ta san abin da ɗan kasuwa yake nufi da "albarka" ba.

Wannan magana ba ta tsaya ga mutanen ƙetare ba. Tun da aka kafa shirin bautar ƙasa a 1973, kowace shekara samari da 'yan mata daga kudu suke sauka a garuruwanmu ba su jin ko "zo." Ku da kuka fara aikin gwamnati, su ne a teburin da ke kusa da naku. Haƙurin da ake yi wa Basine su ma sun cancance shi.

Daga ƙarshe ina roƙon ƙungiyarmu abu uku. Ta rubuta sunayen gidajen da suka yarda su sauki ɗalibai baƙi, ko da a lokacin hutu ne, don Hausar zaure da ta tsakar gida ba a samun ta a ɗakin kwanan ɗalibai. Ta shirya ɗan littafi na gaishe-gaishe da maganganun kasuwa da na asibiti, a ɗauki muryoyinsu, a ba kowane baƙo ranar da ya iso, tare da kati mai ɗauke da sunan unguwarsa da na mai masaukinsa. Ta kuma ja kunnen duk ɗan ƙungiyar da aka kama yana koya wa baƙo zagi. Waɗannan ɗalibai gobe su ne tafintoci, da masu karanta labarai a rediyo, da ma'aikatan ofisoshin jakadanci, da malaman da za su koya wa wasu harshenmu. Hausar da muka ba su da halin da suka gani a wurinmu, su za su raba wa duniya.

Kakanninmu sun ce baƙonka annabinka. Allah ya ba mu ikon sauke wannan haƙƙi, ya ɗaukaka harshenmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.