Neman Araha A Ma'aunin Shari'a: Tattali Ne Ko Ɓarna?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, laccarmu ta wannan wata za ta yi magana ne a kan neman araha, wato yadda mutane suke bin kantunan rangwame da shagunan intanet domin su rage kashe kuɗi. Dalilin zaɓen wannan maudu'i ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na wannan shekarar, farashin kaya ya tashi, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a watan Disambar 2024. A irin wannan hali, kalmar "ragi" takan ja magidanci kamar yadda ruwa ke jan mai ƙishi. To wajibi ne mu auna wannan al'amari da ma'aunin Alƙur'ani da Sunna, domin hadisi ya tabbata a littafin Tirmizi cewa za a tambayi kowane bawa game da dukiyarsa tambaya biyu, ta ina ya same ta, kuma a ina ya kashe ta.

NEMAN SAUƘI HALAL NE

Da farko mu kawar da wata shubuha. Akwai masu ganin cewa yin tayi da neman ragi ƙaranta ce, har mutum ya sayi abu da tsada don kada a ce masa marowaci. Wannan jahilci ne da ganin ido. Imamul Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ba Urwatul Bariƙi (R.A.) dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Sai Urwa ya sayo biyu da wannan dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya komo da akuya da kuma dinari. Annabi bai zarge shi ba, sai ma ya yi masa addu'ar albarka a cikin cinikinsa. Haka nan ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (S.A.W.) da kansa ya taya raƙumin Jabir (R.A.) a kan hanyar tafiya. Saboda haka abin da muka saba a kasuwanninmu, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ƙari har a sallama, halal ne matuƙar akwai yardar juna.

DAGA INA ARAHA TAKE FITOWA?

Mai hankali yakan tambayi kansa, me ya sa wannan kaya ya fi na wancan sauƙi? Domin kuwa ɗan kasuwa bai buɗe kanti don ya yi sadaka ba. Akwai dalilai na gaskiya. Kantunan rangwame irin su Aldi da Lidl, waɗanda asalinsu daga Jamus ne, sun ginu ne a kan taƙaita nau'in kaya, da sarowa da yawa kai-tsaye daga masana'anta, da rage ƙawa da yawan ma'aikata. Shagon intanet kuwa yakan tsallake dillalai da kuɗin hayar rumfa. Wani lokaci kuma kaya ne suka kwanta, mai su yana son ya fitar da uwar kuɗinsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa yadi a Kantin Kwari ko buhun gero a Dawanau ya fi sauƙi a kan na shagon unguwa. Duk wannan araha ce mai tsafta.

Amma akwai arahar da tushenta algus ne. Wani yakan ɗaga farashi mako biyu kafin lokacin rangwame, sannan ya soke shi da jan layi ya rubuta tsohon farashin a matsayin ragi. Wani yakan rage nauyin kaya ya bar mazubin yadda yake. Wani jabu yake sayarwa, ko abinci da maganin da kwanansu ya ƙare, wani kuma kayan sata ne. Muslim ya ruwaito yadda Annabi (S.A.W.) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, sai ya tsawata wa mai kayan don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Kuma wanda ya sayi abu yana sane da cewa na sata ne, to ya yi tarayya a cikin zunubin, komai sauƙin kuɗinsa.

HUKUNCIN SAYE TA INTANET

Mutane da yawa suna tambaya, shin ya halatta a sayi abin da ba a gani ba sai hotonsa? Wannan mas'ala malamanmu sun daɗe da yin maganarta. A mazhabar Malikiyya ya halatta a sayi abin da ba ya wurin idan an siffanta shi siffa mai gamsarwa. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya ƙulla babi a kan sayar da dilar tufafi bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, ba tare da an kwance ta ba. Idan kaya suka zo daidai da siffar, ciniki ya tabbata, idan suka saɓa, mai saye yana da haƙƙin mayarwa. A shekarar 1990 kuma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta zartar da ingancin ƙulla ciniki ta hanyoyin sadarwa na zamani, ta togace ɗaurin aure da canjin kuɗi da cinikin salam saboda sharuɗɗan da suka keɓanta da su. Saboda haka saye daga Jumia ko Konga, waɗanda aka kafa a Legas a 2012, ko daga makamantansu, asalinsa halal ne idan kayan halal ne kuma an san siffa da farashi da lokacin kawowa.

INDA TARKON YAKE

To, ya 'yan'uwa, ga inda muke son a saurara da kyau. Babban haɗarin da ke cikin farautar araha shi ne ta sa mutum ya sayi abin da ba ya bukata. A ce an rubuta wa takalmi naira 20,000, aka mayar da shi 14,000. Wanda takalminsa ya tsinke, ya riga ya yi niyyar saye, shi ya tsira da 6,000. Wanda kuwa yake da ƙafa uku a gida, ya saya don kawai ya ga ragi, shi 14,000 ya yi hasara, ga shi kuma yana murna yana ba abokai labari. Wannan ita ce ɓarnar da ta sanya rigar tattali, shi ya sa ta fi wuyar ganewa.

Masu kasuwa sun san wannan rauni na ɗan Adam. Dubi abin da ake kira Black Friday, wato Juma'ar da ke bin bikin godiya na mutanen Amurka a watan Nuwamba. Yanzu an yayo mana ita, har a ƙasashen Larabawa kamfanin Souq ya sake mata suna Farar Juma'a a 2014 don girmama ranar. An sauya suna, amma manufar tana nan, wato a sa mutane gaggawa. Za ka ga an sa agogo yana ƙirga mintoci, an ce saura guda uku, an ce ƙara abu ɗaya a kawo maka kyauta. Duk wannan don kada a bar ka ka yi tunani ne. Alhali kuwa Allah Ya siffanta bayinSa na ƙwarai a Suratul Furƙan, aya ta 67, da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro wajen ciyarwa, kuma a Suratul Isra'i, aya ta 27, Ya danganta almubazzarai da shaiɗanu. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya ga Jabir ɗauke da nama da ya saya don sha'awa, sai ya yi masa faɗa a kan bin duk abin da rai ya so. Idan an yi wannan a kan nama, ina ga tarkacen da ake tarawa a ɗaki ba a ko buɗe ledarsu ba?

Mafi muni shi ne a ci bashi domin a riski ragi. Sayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan, ko da an ƙara farashi, ya halatta idan an yanke kuɗin tun wajen ƙulla ciniki, kuma Majalisar da muka ambata ta tabbatar da haka. Amma tarar da ake ɗorawa idan biya ya yi jinkiri, da ruwan da manhajojin bashi suke ƙarawa, wannan riba ce tsantsa. Wace araha ce za ta kai bawa ga yaƙi da Ubangijinsa? Haka nan akwatin da ake biyan kuɗinsa ba a san abin da ke ciki ba, garari ne da Annabi (S.A.W.) ya hana, ɗan'uwan caca ne. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

HAƘƘIN MAI SAYARWA

Neman sauƙi kuma yana da iyaka ta ɓangaren wanda ake saye a hannunsa. Abin takaici ne mutum ya shiga babban kanti ya biya abin da aka rubuta bai ce uffan ba, sannan ya fito ya tsaya kan tsohuwa mai kuka da daddawa yana matsa mata, ya karya farashi, ya kuma nemi gyara. Suratul Muɗaffifina ta yi narko ga masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Sunna ta hana tarar masu kawo kaya a hanya a saye tun ba su san farashin kasuwa ba, kamar yadda ake yi wa manoma da kaka. Ta hana taya a kan tayin ɗan'uwa bayan sun daidaita. Haramun ne kuma ka yi ƙaryar cewa an sallama maka a ƙasa da haka a wani wuri, ko ka kushe kaya alhali ka san lafiyarsu lau, ko ka yi odar tufa ka sa ta a biki sannan ka mayar ka ce ba ta yi ba. Bukhari ya ruwaito addu'ar rahama da Annabi (S.A.W.) ya yi wa mai rangwame idan zai saya, da idan zai sayar, da idan zai karɓi bashi. Ku lura, raƙumin Jabir da Annabi ya taya, da suka isa Madina ya biya kuɗin, ya kuma bar masa raƙumin.

NASIHA A AIKACE

Na farko, a rubuta bukatun gida kafin a fita kasuwa ko a buɗe waya, a fara da ci da sha da magani da karatun yara, waɗanda su ne wajibi a kan magidanci. Na biyu, a yi lissafi cikakke, a haɗa da kuɗin mota da na kawowa, a kwatanta nauyi da nauyi, mudu da mudu. Na uku, a duba inganci, domin araha ba ta ado, abin da za a saya sau uku a shekara ya fi wanda za a saya sau ɗaya tsada. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a kan abinci da magani. Na huɗu, maƙwabta da 'yan masallaci ɗaya su haɗa kuɗi su saro hatsi da kaka su raba, wannan taimakon juna ne a kan alheri. Na biyar, kada a tura kuɗi ga wanda ba a sani ba don an ga hoto, kada kuma a ba kowa lambar sirrin banki. Na shida, abin da ba ya cikin lissafi a bar shi ya kwana, idan gari ya waye sau da yawa sha'awar ta tafi. Na bakwai, abin da aka tsira da shi a ware shi, a biya bashi, a yi tanadi, a kuma tuna da marayu da dangi, domin kuɗin da ba a yi masa niyya ba wani ragin ne zai cinye shi.

Muna roƙon Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya sanya albarka a cikin abin da Ya ba mu, Ya tsare mu daga riba da algus da almubazzaranci, Ya kawo mana sauƙin wannan rayuwa.